Jakin Girkawa da Hanyar Ƙanƙara Zuwa Sheme



A ƙarshen watan Agusta na shekarar 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar nan ta taƙaita zirga-zirga saboda matsalar tsaro. Cikin abin da dokar ta ƙunsa har da rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, aka ce duk direban da zai ɗauki fasinja ya zagaya ta Funtuwa. Babu wanda ya tsaya yi wa mutanen Tafoki ko Daudawa ko 'Yankara bayanin abin da hakan ke nufi. Kwandasta ya sani, mai kai buhun masara kasuwa ya sani, tsohuwa mai tafiya dubiya ita ma ta sani: zagaye ya fi miƙe nisa, fetur zai ƙara ƙonewa, kuɗin mota zai hau.

Wannan magana da kowa ya sani a tasha tana da lamba a cikin wani littafi da aka rubuta kimanin shekara 2,300 da suka wuce, kuma tana cikin abin da ake sa ran yaranmu na sakandare su fito da shi a darasin lissafi. Ga yadda take: a kowace alwatika, wato siffa mai gefe uku, in ka haɗa tsawon gefe biyu, duk biyun da ka ga dama, sai sun fi na ukun. Shi ke nan ƙa'idar. Tarihinta muke so mu bi yau, daga Masar har zuwa ajin da ke bayan gidajenmu, don a cikinsa akwai amsar wata tambaya da ɗalibai suka daɗe suna yi wa malaman lissafi.

Mai littafin shi ne Uƙlidis, haka Larabawa ke kiransa, Turawa kuma su ce Yukilid. Bagirke ne da ya yi koyarwa a birnin Iskandariyya na ƙasar Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Littafin nasa, wanda Larabawa suka sa wa suna Usul, juzu'i 13 ne. Tsarinsa kuwa kamar gini: ya fara aza 'yan maganganu ƙalilan da ya roƙi mai karatu ya yarda da su, daga nan duk abin da zai faɗa sai ya kawo hujjarsa daga abin da ya riga ya tabbatar. Ba a yarda a ce "ai ga shi nan ana gani" ba. Ƙa'idarmu ita ce mas'ala ta 20 a juzu'i na farko.

Tun a wancan zamani aka yi mata dariya. Wani malami mai suna Furokulas, wanda ya rasu a shekarar 485 Miladiyya, ya rubuta sharhin juzu'in farko, kuma shi ya adana mana labarin. Ya ce mabiyan wani mai falsafa da ake kira Efikuras sun riƙa yi wa masu lissafi ba'a a kan wannan mas'ala, suna cewa abu ne da ko jaki ya sani. Ka ɗaure jaki a kusurwa ɗaya, ka ajiye harawa a wata kusurwar, ka sake shi. Miƙewa zai yi, ba zai bi ta kusurwa ta uku ba. To me ya kai mutum mai hankali ɓata takarda wajen tabbatar da abin da dabba ta sani?

Duk malamin da ya taɓa tsayawa gaban 'yan aji ɗaya na babbar sakandare ya san wannan tambaya, ko da yaran ba su taɓa jin sunan Efikuras ba. Amsar Furokulas ita ce, ido yana nuna maka cewa abu haka yake, amma ba ya gaya maka dalilin da ya sa yake haka, ilimi kuwa sanin dalili ne. Ya kawo misalin wuta: kowa ya san tana da zafi, amma gano yadda take ƙuna aikin masu bincike ne. Mu a namu ganin amsar ta yi, sai dai za mu ƙara da cewa jakin ya gwada alwatika ɗaya ce tak, wadda ke gabansa. Uƙlidis kuwa yana magana ne a kan dukkan alwatikai, da siririya da mai faɗi, da wadda aka zana a ƙasa da wadda kusurwoyinta taurari ne. Gwaji ba ya kai mutum can.

Bari mu kawo hujjar kanta, don ba ta da tsawo, kuma da yawanmu mun gama sakandare ba a taɓa nuna mana ita ba. Wanda ke da biro da takarda ya zana yana bi.

Ɗiga ɗigo uku, ka haɗa su da miƙaƙƙun layuka. Mu kira su K da F da S, don tunawa da Ƙanƙara da Funtuwa da Sheme. Abin da muke nema shi ne mu nuna cewa KF da FS in an haɗa sun fi KS. Dabarar Uƙlidis ita ce ya miƙar da zagayen ya zama layi ɗaya. Ka ci gaba da jan layin da ya taso daga K ya bi ta F, ka zarce har wani wuri da za mu kira D, yadda tsawon FD zai yi daidai da FS. Ke nan layin KD shi ne zagayen gaba ɗaya, an kwantar da shi a miƙe. Sai ka haɗa D da S.

Yanzu dubi ƙaramar alwatikar F, D, S. Gefenta biyu, FD da FS, tsawonsu ɗaya, mu muka yi su haka. Tun a mas'ala ta 5 an tabbatar cewa alwatika mai irin wannan hali kusurwoyinta biyu na gindi daidai suke, wato buɗewar da ke D da buɗewar da ke S. To amma a babbar alwatika K, D, S, kusurwar da ke S ta haɗiye waccan ƙaramar, ta kuma ƙara da wani yanki. Saboda haka ta fi kusurwar D faɗi. Mas'ala ta 19 kuma ta riga ta nuna cewa gefen da ke fuskantar kusurwa mafi faɗi shi ne mafi tsawo. Wanda ke fuskantar S shi ne KD, wanda ke fuskantar D shi ne KS. Don haka KD ya fi KS. KD kuwa ai shi ne KF da FS a haɗe. An gama.

A lura, ba a auna komai ba. Babu rula, babu lamba ko ɗaya. Shi ya sa hujjar ta hau kan kowace alwatika.

Uƙlidis bai kawo mas'alar don ado ba, yana da aikin da zai sa ta. A mas'ala ta 22 yana so ya nuna yadda za a gina alwatika da layuka uku da aka ba mutum, sai ya gindaya sharaɗi cewa dole kowane biyu su fi na ukun. A nan ne malami mai dabara yake kama ɗalibansa. Ka sa yara su karyo karan dawa: ɗaya taƙi 3, ɗaya taƙi 4, ɗaya taƙi 8. Ka ce su haɗa bakunansu su yi alwatika. Za su yi ta juyi, ba za ta rufe ba. Ka rage dogon ya koma taƙi 7, sai bakunan su haɗu amma a kwance, babu ciki. Sai an sauko ƙasa da 7 take tashi tsaye. In kuma aka yi ta ragewa har ya kai taƙi 1, sai ta sake kwantawa. Wato gefe na uku a tsare yake tsakanin bambancin sauran biyun da jimlarsu. Kafintan da ke ɗora rufin kwano ya san wannan a hannunsa: in faɗin ɗaki ƙafa 12 ne, katako biyu masu ƙafa shida-shida ba za su ba shi tudu ba, ruwa zai kwanta. In ya sa masu ƙafa bakwai-bakwai sai tsakiyar ta ɗaga sama da ƙafa uku da rabi.

Yadda littafin ya yi tafiya a duniya labari ne mai tsawo, za mu bi shi da sauri. A Bagadaza aka mayar da shi Larabci. Hajjaj ɗan Yusuf ɗan Maɗar ya fassara shi a zamanin Halifa Haruna Rashid, ya sake gyara shi a zamanin Ma'amun. Ishaƙ ɗan Hunain ya yi wata fassarar, Sabit ɗan Ƙurra, wanda ya rasu a 901, ya tace ta. Ibnul Haisam ya yi rubutu a kan shubuhohin da ake kawowa game da littafin, Nasiruddin Ɗusi kuma ya sake tsara shi a 1248, tsarin da makarantun ƙasashen Musulmi suka daɗe suna karantawa. Daga Larabci ne wani Baturen Ingila mai suna Adelard ya juya shi zuwa Latin wajen 1120. Aka buga shi da injin ɗab'i a birnin Benis a 1482, ya fito da Ingilishi a 1570.

To mu fa, ina muke a lokacin?

Katsina ba baƙuwar lissafi ba ce. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkashinawi a nan ya tashi ya yi karatu kafin ya tafi aikin Hajji. Wajen 1732 ya rubuta littafinsa Bahjatul Afaƙ, wanda a ciki ya bayyana hanyoyin gina hatimi mai gidaje mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, zuwa sama. Mafi ƙanƙanta shi ne wanda kusan kowane almajiri ya taɓa gani: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa, ta duk inda ka haɗa 15 za ka samu. Ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Shehu Hasan Jabarti, wanda shi kansa gwani ne a ilimin taurari da awo, kuma ɗansa Abdurrahman Jabarti, mashahurin marubucin tarihin Masar, ya sa tarihin Bakatsinen a littafinsa. Wata Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta kawo aikinsa a littafinta na 1973 a kan lissafin mutanen Afirka, shi ya sa yau za ka ji sunansa a bakin malaman jami'o'in da ba su san inda Katsina take a taswira ba.

Sai dai mu faɗi gaskiya, don a dandali irin wannan muna da saurin kambama namu. Aikin Alkashinawi na lambobi ne da haruffa. Lissafin da ya fi ƙarfi a zaurukan malamanmu shi ne na rabon gado, da na zakka, da na lokutan salla da tsayuwar wata, da hisabi. Sanin siffofi da tsayi da faɗi kuwa ya fi zama a hannun magina. Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, ya san iyakar abin da azara za ta iya ɗauka da yadda ake tayar da baka ta tsallake faɗin da azara ɗaya ba ta kaiwa. Ilimi ne babba, amma a aikace ake gadonsa, daga uba zuwa ɗa, daga maigida zuwa yaro.

Uƙlidis ɗin da ya shigo ajin boko kuwa, shi kansa zagaye ya yi. Littafin da aka haifa a Masar, ya girma a Bagadaza da harshen da malamanmu ke karantawa, bai iso allon makarantar gwamnati ta hanyar ayarin Agadas ba. Sai da ya bi ta Landan, ya hau jirgin ruwa zuwa Ikko, sannan ya hauro Arewa da Ingilishi a bakinsa. Muna ganin wannan zagayen yana cikin abin da ya sa har yau yaro ke kallon darasin a matsayin kayan Nasara, alhali kakannin malamin allonsa sun riga Turawan Ingila karanta shi.

A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nassarawa ta Kano. Abin da Turawan mulki suka fi buƙata daga lissafi a farkon nan shi ne haraji. A Kano da wasu masarautu an yi malaman taki, masu auna gonaki da ƙafa don a yanka wa manomi abin da zai biya. Ga talaka, farkon haɗuwarsa da awon boko ke nan, kuma ba haɗuwar daɗi ba ce. Sai Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922, don horar da malamai. Nan Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Abubakar Imam da Isa Kaita suka yi karatu. A 1938 aka mayar da ita Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, ita ce Barewa ta yau. Tsohon gininta na nan a Katsina, an mai da shi gidan tarihi.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: lokacin da Kwalejin Katsina ta buɗe, Ingila kanta ta riga ta fara sakin Uƙlidis. Tun 1871 malamansu suka kafa ƙungiya don gyara koyar da wannan fanni, suna kukan cewa yara haddar hujjoji suke yi kamar karatun aku, in ka canza haruffan zanen sai su rikice. A 1903 jami'ar Kambirij ta daina tilasta wa masu jarrabawa bin jerin Uƙlidis daki-daki. Littattafan da suka biyo baya, irin na Durell da tsofaffin 'yan boko ke tunawa, sun gauraya awo da zane da hujja. Duk da haka hujja ba ta fita ba. Dattawan da suka yi sakandare a shekarun 1950 da 1960 za su gaya maka yadda ake rubuta abin da aka bayar, da abin da ake nema, da ginin da aka ƙara, da hujja layi-layi kowanne da dalilinsa a gefe, a rufe da haruffan nan uku na Q.E.D. Wasu sun fahimta, wasu haddacewa suka yi. Mu kuma da ma gwanayen hadda ne.

Guguwar da ta zo ta kawar da wannan tsari daga waje ta taso. A 1957 Rasha ta harba tauraron ɗan'adam na farko, hankalin Amurka ya tashi, aka ce laifin makarantu ne. A wani taro a Faransa a 1959, babban masanin lissafi Jean Dieudonné ya fito fili ya nemi a kori Uƙlidis daga makarantu. Aka shigo da abin da aka kira lissafin zamani, mai farawa da rukunoni da alamomi maimakon alwatika da da'ira. A 1962 aka fara taron Entebbe a Uganda, da kuɗin Amurka, don rubuta wa ƙasashen Afirka masu amfani da Ingilishi irin waɗannan littattafai. Farfesa Grace Alele-Williams, mace ta farko a Nijeriya da ta samu digirin digirgir, tana cikin waɗanda suka tsaya a kan aikin, ta kuma jagoranci gwada shi a makarantun Legas.

Tsarin yana da masu kare shi har gobe, kuma suna da hujjarsu. Amma ya faɗo a mummunan lokaci. A watan Satumba na 1976 aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE, yara suka cika azuzuwa fiye da yadda aka yi tsammani, aka riƙa yaye malamai cikin gaggawa. Malamin da bai gama sanin tsohon lissafi ba aka miƙa masa sabo. Iyaye kuma suka kasa taimaka wa 'ya'yansu da aikin gida. A watan Janairu na 1977, a wani taro a Benin, Kwamishinan Ilimi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya sanar da soke lissafin zamani. Masana da dama sun ji zafin yadda aka yi abin da umarnin soja, ba da shawararsu ba. Manhajar da aka tsara bayan nan ta ɗebo daga nan ta ɗebo daga can, ita ce ta shiga tsarin 6-3-3-4 a shekarun 1980, kuma da ita aka san littafin New General Mathematics da yawancinmu muka ɗauka a jaka.

A takarda, hujja tana nan a manhajar babbar sakandare. A aji kuwa labari ya sha bamban, kuma ba sai an yi bincike ba kafin a gane dalili. Malami yana koyar da abin da jarrabawa ke tambaya. Tambayar canki-canka ba ta neman dalili, amsa take nema. Mafi yawan abin da za a tambayi yaro game da ƙa'idarmu shi ne a jera masa lambobi uku-uku a ce wanne ne ba zai yi alwatika ba. Ya haɗa biyu, ya gwada da na uku, ya cike gurbi. Wato mun koma matsayin jakin Efikuras: mun san hanya, ba mu san dalili ba.

Abin mamaki, a daidai ƙarnin da makarantu ke rage mata daraja, manyan masana ɗaukaka ta suka yi. A 1906 wani Bafaranshe, Maurice Fréchet, ya tambaya: mene ne ma "nisa"? In za a auna nisan da ke tsakanin abubuwan da ba wurare ba ne, kamar kalma da kalma ko sauti da sauti, waɗanne sharuɗɗa ma'aunin zai cika kafin ya cancanci sunan? Sharuɗɗan da aka tsaya a kansu 'yan kaɗan ne, kuma mafi nauyinsu ita ce wannan ƙa'ida: biyawa ta wuri na uku ba ya rage nisa. Abin da Uƙlidis ya tabbatar a mas'ala ta 20 ya koma tubalin da ake aza gini a kansa. Duk ɗalibin lissafi a Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Umaru Musa 'Yar'aduwa zai sake karo da ita a aji biyu ko uku, a sabuwar riga. Har cikin dabarun da taswirar waya ke bi wajen nemo maka gajeriyar hanya akwai dogaro da cewa babu titin da zai gaza miƙaƙƙen layi tsawo. (Ko da yake a ƙarshen 2021, lokacin da aka yanke layukan waya a Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da maƙwabtansu, taswirar ba ta tsinana wa kowa komai ba.)

A nan ne wani ɗalibi mai kaifin kai zai ɗaga hannu ya ce, Malam, ai Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara. Akwai ranar da wanda ya zagaya ta Funtuwa zai riga wanda ya miƙe isa, akwai ma ranar da wanda ya miƙe ba zai isa ba sam. Shin ƙa'idar ta karye ke nan?

Ba ta karye ba, kuma wannan tambayar ta fi darasin da ke cikin littafi amfani. Uƙlidis ya yi magana ne a kan tsawon miƙaƙƙun layuka a shimfiɗaɗɗen fili. Bai yi alkawarin komai ba game da awa nawa za ka yi, ko ramuka, ko shingen bincike, ko wanda ke laɓe a daji. Titi ma kansa ba miƙaƙƙen layi ba ne. Kowace ƙa'ida tana da sharaɗinta, wanda ya ɗauke ta ya kai inda sharaɗin bai cika ba shi ya yi kuskure. Amma ga wani abin sha'awa. In muka ce "nisa" tsakanin gari biyu shi ne mafi ƙarancin lokacin da za a iya yi ta kowace hanya da ke buɗe, sai ƙa'idar ta dawo da ƙafarta. Domin bi ta Funtuwa ɗaya ne daga cikin zaɓin da ke gabanka, mafi kyawun zaɓi kuwa ba zai fi shi daɗewa ba. Ranar da aka rufe hanyar Sheme, abin da ya faru shi ne mafi kyawun zaɓin ya zama zagayen kansa, alwatikar ta kwanta kamar karan nan na taƙi 3 da 4 da 7. Yaron da ya iya bin wannan tunani har ƙarshe ya koyi tambayar "da wane sharaɗi?", kuma zai yi wa ɗan siyasa ita, ya yi wa mai tallan magani, ya yi wa saƙon da aka turo masa a WhatsApp.

Ga inda abin ke mana ciwo. A daren Juma'a 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara suka kora ɗalibai cikin daji. Ranar 17 ga wata aka sako 344. Gwamnati ta rufe makarantun kwana na jihar, kuma wannan ya zo ne a shekarar da korona ta riga ta cinye watanni. Makarantun kimiyya irin wannan, tun daga na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da Kano ta buɗe a 1977, an yi su ne don ɗan talakan Arewa ya zama likita ko injiniya. A ƙauyukan Faskari da Sabuwa kuwa ba sai an sace yaro ake raba shi da karatu ba. Ya isa a ce iyayensa sun yi gudun hijira a tsakiyar zango, ko malamin da aka turo ya ga hanya ba ta biyuwa ya nemi canjin wurin aiki. In zangon mako goma sha biyu ya koma shida, kowane malami ya san abin da zai fara zubarwa. Zai riƙe abin da ke fitowa a jarrabawa, ya tsallake hujja, don ita ke cin lokaci. Ba mu ga laifinsa ba. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa.

Amma cikin duk darussan lissafi, wannan na daga waɗanda ba sa neman wuta ko kwamfuta ko akwatin kayan awo. Kara da igiya da ƙasa sun isa. Kuma kamar yadda aka gani a sama, hujjar tana tafiya da Hausa ba tare da ta yi tuntuɓe ba. Ra'ayinmu shi ne malami ya fara yin ta da harshen da yaro ke tunani da shi, in ta zauna sai a sa mata Ingilishin jarrabawa. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da 'yan firamare shekara shida da Yarbanci, ya nuna yaran ba su yi baya ba, har a Ingilishin kansa.

Ga malamai da ke cikinmu, ga wani aiki da za a iya ba 'yan aji bayan an gama da kara, wanda asalinsa daga Hiron ne, wani masanin Iskandariyya da ya zo bayan Uƙlidis, a bincikensa kan madubi. Makiyayi zai tashi daga ruga ya kai shanu makiyaya, amma dole ya biya rafi su sha ruwa. Rugar da makiyayar duk a tsallake ɗaya suke, rafin kuma a miƙe yake. A ina zai sauka bakin ruwa don tafiyar ta fi gajarta? Yawancin yara za su ce ya nufi inda ya fi kusa da ruga, wasu su ce tsakiya. Dabarar ita ce a ɗauki rafin kamar madubi, a sa alama a ɗaya tsallaken daidai inda hoton makiyayar zai faɗa. Duk inda ya tsaya a bakin rafi, nisansa da makiyaya daidai yake da nisansa da wannan alama. Ke nan tambayar ta koma neman gajeriyar hanya daga ruga zuwa alamar. A ja miƙaƙƙen layi tsakaninsu, inda ya ratsa rafi nan ne mashayar. Duk wani wurin da aka zaɓa daban zai yi alwatika da ruga da alamar, kuma shanun za su taka gefe biyu ne maimakon ɗaya.